Maɗaba'ar ruhubanawan Shuwair: yadda aka zuba haruffan Larabci da dalma a duwatsun Lebanon

Tambaya: Na ji ana cewa limaman Kirista ne suka fara buga littafi da haruffan Larabci a ƙasar Larabawa, a wani gidan ibada da ke Lebanon. Gaskiya ne? In haka ne, da wane irin kayan aiki suka yi, alhali a lokacin babu lantarki babu inji?

Amsa: Gaskiya ne, Malam, amma maganar tana bukatar ɗan gyara. Wurin da aka ba ka labarinsa gidan ruhubanawa ne, wato Kiristoci masu keɓe kansu don ibada, mai suna Mar Yuhanna, kusa da ƙauyen Khinshara a yankin Shuwair, cikin duwatsun da ke arewa maso gabashin Bairut. Maɗaba'arsa ta fitar da littafinta na farko a 1734, ta kuma ci gaba da aiki har 1899. Ba ita ce ta fari ba. Tun 1610 an buga Zabura a gidan ruhubanawa na Kuzhayya a arewacin Lebanon, sai dai Larabcin da ke ciki da haruffan Suryaniyanci aka rubuta shi. Maɗaba'ar farko da ta yi amfani da haruffan Larabci a ƙasar Larabawa ta Halab ce, a Siriya, daga 1706 zuwa 1711, ita ma ta coci ce. Abin da ya bambanta ta Shuwair shi ne daɗewa. Ta Halab shekara biyar ta yi ta mutu, ita kuwa ta yi shekara 165.

Kafin duk waɗannan, Turawa sun daɗe suna buga Larabci. A 1514 an buga wani littafin addu'o'in Kirista a Italiya da haruffan Larabci na ƙarfe. Wajen 1538 wani ɗan kasuwa a birnin Benis ya buga Alƙur'ani gaba ɗaya, da fatan sayar da shi a daular Usmaniyya, amma bugun ya cika da kurakurai, bai samu kasuwa ba, kuma kwafi ɗaya tak aka sani a yau, wanda aka gano a 1987. A 1584 aka kafa maɗaba'ar gidan Medici a Roma, ta buga Linjila da Larabci. To amma mai karatun da ya tashi da rubutun hannu idonsa bai karɓi waɗannan haruffa ba. Sun sandare, mahaɗansu ba su zauna daidai ba, tsayi da faɗinsu sun saɓa wa ma'aunin da marubuta suka sani. Riƙe wannan batu, domin shi ne jigon labarin Shuwair.

Ta Halab ga yadda ta samu. Wani babban limamin cocin Antakiya mai suna Atanasiyus Dabbas ya je neman taimako wurin sarkin Walakiya, a Romaniya ta yau, Constantin Brâncoveanu. A can aka buga masa littattafan ibada biyu da Girkanci da Larabci, ɗaya a Snagov a 1701, ɗaya a Bukares a 1702. Da ya koma Halab sai ya kafa tasa, ya fara da Zabura da Linjila a 1706. Cikin waɗanda suka yi masa aiki akwai wani saurayi, Abdullah Zakhir, wanda aka haifa wajen 1684, ɗan maƙerin zinariya, kuma shi ma ya koyi sana'ar mahaifinsa. Daga baya rikici ya ɓarke a cocin tsakanin masu son haɗewa da Roma, wato cocin Katolika na Fafaroma, da masu ƙin hakan. Zakhir yana ɓangaren Roma, alƙalaminsa kuma yana da zafi, don haka zaman Halab ya gagare shi, ya bar ta a 1722 ya nufi duwatsun Lebanon. A 1724 cocin ya rabe biyu. Ɗan uwan Zakhir, mawaƙi Nikula al-Sa'igh, shi ne ya zama shugaban ƙungiyar ruhubanawan Shuwair, kuma a gidansu Zakhir ya sami mafaka da ɗakin aiki. Muƙamin Zakhir a coci dikin ne, wato mataimakin limami. Littafin farko da ya buga shi ne Mizan al-Zaman, fassarar wani littafin wa'azi na wani limamin Sifaniya, Nieremberg, wadda limamin Faransa Pierre Fromage ya yi.

Yanzu ga kayan aiki. Mutane in an ce maɗaba'a hankalinsu yakan tafi kan matsi, wato abin da ke danne takarda. Wannan shi ne mafi sauƙi, kafinta mai hankali zai iya haɗa shi da katako mai ƙarfi. Wahalar tana wurin haruffa, kuma nan ne zaman Zakhir maƙerin fari mai kyan rubutu ya yi rana. Zan bayyana matakan yadda masu wannan sana'a suke yi a wancan zamani, domin hanya ɗaya ce daga Turai har Sham.

Ana fara wa da sandar ƙarfe mai tsawon ɗan yatsa, a gasa ta a bar ta ta huce a hankali don ta yi laushi. A bakinta ake sassaƙa harafi ɗaya, a juye kamar yadda zai bayyana a madubi, da magagari da 'yan ƙananan wuƙaƙen sassaƙa. Ramin da ke cikin harafi, kamar cikin sadi ko idon wawu, ba a cika haƙa shi da wuƙa ba. Ana yin wata ƙaramar sanda mai siffar ramin, a taurara ta, a doka ta a ciki. Mai sassaƙa yana gwada aikinsa ta hanyar kara bakin sandar a harshen fitila ya yi baƙi, ya dangwala a takarda, ya duba, ya sake gogewa. Sai ya gamsu sannan ya taurara ta: a gasa ta yi ja, a tsoma a ruwa, a sake ɗumama ta kaɗan. In aka tsallake wannan ɗumamawar ta ƙarshe, ƙarfen yakan yi gautsi ya tsage a dukan farko, aikin yini guda ya tafi. In kuma bai taurara sosai ba, bakin harafin ya baje.

Wannan sanda ake ɗorawa kan guntun jan ƙarfe a doke ta da guduma, ta bar ramin harafin a ciki. Dukan yakan kumbura gefen jan ƙarfen, saboda haka sai an bi shi da magagari har zurfin ramin ya yi daidai da na sauran, harafin ya miƙe, ya kuma zauna a kan layi ɗaya da 'yan uwansa. A boko in aka kuskure da ɗan kaɗan, harafi zai ɗan yi sama ko ƙasa, a karanta a wuce. A Larabci kuwa jelar da ke haɗa harafi da na gaba dole ta kai bakin ƙarfen cif, a kuma tsayi ɗaya da ta kowane harafin da zai iya biyo shi. Kuskuren da bai kai kaurin gashi ba ya isa ya sa kalma ta fito a tsinke.

Daga nan sai zubi. Mazubin ƙarfe ne mai ɓari biyu da ake riƙewa a hannun hagu, an lulluɓe bayansa da katako saboda zafi. Ɓarin biyu suna zamewa a kan juna, don mazubi ɗaya ya iya ba da siririn jiki ga alif da faffaɗan jiki ga sin. Ana maƙala guntun jan ƙarfen a ƙasansa, a ɗebo narkakken ƙarfe da ɗan ƙaramin ludayi a zuba, a lokaci guda a fizgi hannu sama don ƙarfen ya shige kowane lungu na ramin kafin ya daskare. Ƙarfen haɗi ne na abu uku. Dalma ce mafi yawa, kusan kashi uku cikin huɗu. Sai antimoni, wanda ake cirowa daga wani irin dutsen kwalli, wajen kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari, sai kuza kaɗan. Dalma zalla tana narkewa a digiri 327 na ma'aunin Salshiyas, amma ta yi laushi, matsi zai baje ta cikin 'yan kwanaki. Antimoni ne ke ba ta tauri, ya kuma rage ƙanƙancewar da take yi wajen hucewa, shi ya sa bakin harafi ke fitowa da kaifi. Kuza tana sa haɗin ya gudana sosai, ta rage masa gautsi. In ƙarfen bai yi zafi sosai ba, ɗigo ko siririn layi ba zai cika ba. In ya yi zafi fiye da kima, jikin harafin yakan fito da kumfa a ciki, ya ruguje ƙarƙashin matsi. Gwanin mai zubi a Turai yakan fitar da dubu uku zuwa huɗu a yini. Kowane ɗaya kuma sai an karya masa jelar zubi, an goga gefensa a kan dutse, an daidaita gindinsa don duk su zama tsayi ɗaya, wajen milimita 23 da 'yan kai a ma'aunin da aka tsayar daga baya. Harafin da ya fi sauran tsayi yakan huda takarda, wanda ya gaza kuma tawada ba ta taɓa shi.

Sai ka tambaya: sanda nawa za a sassaƙa? Haruffan Larabci 28 ne. Guda 22 suna da siffa huɗu, ta farko da ta tsakiya da ta ƙarshe da ta zaman kaɗaici. Shida, wato alif, dal, zal, ra, zayun da wawu, ba sa haɗuwa da na gabansu, siffa biyu gare su. Lissafi ya ba da 100 ke nan, kafin a zo kan lam'alif, ta mai ɗauri, hamza da kujerunta, lambobi da wasula. Da ɗari da 'yan kai za a iya buga Larabcin da zai karantu. Amma marubucin naskhi ba ya jera haruffa a miƙe kamar tubali. Yakan ɗora lam a kan mim, ya hau da ba ko ta a kan jim da ha, ya dunƙule haruffa biyu ko uku su zama siffa ɗaya. Duk wanda yake so bugunsa ya yi kama da rubutun hannu dole ya sassaƙa wa kowace irin wannan haɗuwa sandarta daban. Hanyar da Zakhir ya bi ke nan, kuma ita ta sa aka karɓi littattafansa.

Muna da shaidar wanda ya ga abin da idonsa. Matafiyin nan na Faransa, Volney, ya zauna wata takwas a gidan a tafiyarsa ta 1783 zuwa 1785. Ya yaba kyan haruffan, ya ce sun yi kama da rubutun hannu. Ya kuma faɗi kuɗin da aka biya don wannan kyau: mai jera haruffa sai ya riƙa kai da komo a gaban teburi mai tsawon ƙafa 18, kusan mita shida, yana neman haruffansa cikin gurabe kusan 900. Mai jera boko yana tsaye wuri ɗaya, duk abin da yake bukata yana gaban hannunsa cikin gurabe ɗari da 'yan kai. Ka ga dalilin da ya sa aikin ke tafiya a hankali, ya kuma sa horar da sabon ma'aikaci ke ɗaukar dogon lokaci. Kafin ya jera layi ɗaya sai ya haddace inda kowace siffa take, ya kuma san Larabci sosai har ya gane wace haɗuwa ta dace a wane wuri.

Jerawa ana yin ta ne a cikin wani ɗan mariƙi da ake riƙewa a hannu, harafi bayan harafi, ana karanta su a juye. Kowane layi dole ya cika faɗin shafi daidai, ba sako-sako ba, ba matsewa fiye da kima. A nan Larabci yana da sauƙi ɗaya: maimakon a yi ta ƙara tazara tsakanin kalmomi, ana iya saka ɗan miƙaƙƙen layi tsakanin haruffa biyu masu haɗuwa a ja kalmar, kamar yadda marubuta suke yi. Wasula kuwa azaba ce. In ba a zuba su tare da harafi ba, sai an jera su a siririn layi na dabam sama da ƙasan layin rubutu, a cike tsakaninsu da guntayen ƙarfe marasa rubutu har kowace fataha ta faɗa kan harafinta. Layi ɗaya ya koma uku. Shi ya sa yawancin littattafan wancan zamani ba su da wasali sai inda ake tsoron rikicewa.

Abubuwa uku ne suka fi lalata bugun Larabci na ƙarfe. Na farko karyewar ɗigo da sassan da suka zarce jikin harafi, kamar hannun kaf ko jelar ra da ke shiga ƙarƙashin harafin gaba. Waɗannan ba su da abin da ya tallafe su a ƙasa, matsi kaɗan ya ƙaru sai su ɓalle. Na biyu buɗewar mahaɗa: da haruffa sun tsufa gefensu ya cinye, sai farin layi ya riƙa bayyana a tsakiyar kalma. Na uku, wanda ya fi haɗari, yana faruwa ne bayan an gama bugu, lokacin mayar da haruffa gurabensu. Ba, ta, sa, nun da ya a tsakiyar kalma jikinsu ɗaya ne, ɗigo kawai ya raba su. Gajiyayyen ma'aikaci ya jefa nun a gurbin ta, bayan mako guda wani ya ɗauko ta bai duba ba, kalma ta canja ma'ana. A littafin addini wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma maganinsa ɗaya ne, a buga gwaji a ba mai ilimi ya karanta harafi harafi kafin a ci gaba. Gidan ruhubanawa yana da irin waɗannan mutane a cikinsa, ba sai an ɗauko su haya ba.

In shafuka sun kammala, ba ɗaya ɗaya ake buga su ba. Ana shimfiɗa huɗu ko takwas a kan dutse mai santsi, a tsarin da in an ninke fallen takarda za su biyo juna daidai, wasu a miƙe wasu kai a ƙasa. A kewaye su da firam na ƙarfe, a cike giɓi da katako, a buga 'yan itatuwa masu tsini a gefe har komai ya ƙulle. Kafin ƙullewar ƙarshe ana ɗora katako mai laushi a kan haruffan a ɗan bubbuga don duk su zauna. Ana gwada ƙullin da ɗaga firam ɗin kaɗan. In wani layi bai cika ba, haruffansa za su zube, wani lokaci su ja shafin gaba ɗaya.

Tawadar da marubuci ke haɗawa da ruwa da ƙaro ba ta zama a kan ƙarfe, dunƙulewa take yi ɗigo ɗigo. Ta bugu da mai ake yin ta. Ana dafa man 'ya'yan kittani na sa'o'i har ya yi kauri yana yauƙi, sannan a niƙa shi da kunkunniyar fitila. A fili ake dafa shi, nesa da gini, domin yana kamawa da wuta. In bai dahu ba, mai yakan tsattsafo kewaye da haruffa ya bar rawayar inuwa a takarda bayan shekaru. Sanyin dutse yana sandarar da tawada, zafi yana tsinka ta, don haka ana gyara kaurinta gwargwadon yanayi. Ana shafa ta da ƙwallaye biyu na fatar tunkiya da aka cusa wa gashin tumaki, masu mariƙin katako. A murza su da juna tawadar ta baje, sannan a daddanna a kan haruffa. In akwai jan rubutu a kanun addu'o'i, sai fallen ya shiga matsi sau biyu, ja daban baƙi daban.

Takarda daga Turai take zuwa, ta tsummoki, kuma Volney ya ambace ta cikin abubuwan da suka sa kuɗin aikin ya yi nauyi. Ba a buga ta a bushe. Da yamma ake ratsa ta cikin ruwa, a jera jiƙaƙƙiya tsakanin busassu, a danne da nauyi ta kwana har damshin ya game ko'ina. In ta bushe da yawa bugu ya fito fari-fari kuma haruffa su ci wuya. In ta jiƙe da yawa tawada ta baje, takarda ta yage, in ta daɗe ta yi fumfuna. Bayan an buga fuska ɗaya dole a buga ta biyu kafin fallen ya bushe ya ƙanƙance, in ba haka ba shafin gaba da na baya ba za su hau kan juna ba. Wasu 'yan allurai biyu ne ke huda takardar a bugun farko, a mayar da ita kan ramukan a bugu na biyu.

Matsin kansa ginshiƙai biyu ne na katako da babban sukuru a tsakani, wanda in an ja sandarsa yake saukar da faffaɗan katako kan takarda. Mutum biyu ke aiki: ɗaya yana shafa tawada, ɗaya yana ɗora takarda, ya rufe ta da firam mai tagogi da ke kare gefen shafi daga datti, ya tura gadon haruffa ciki, ya ja sanda. Ƙarfin matsin katako bai isa ya danne babban falle a ja ɗaya ba, sai an ja rabi, an ƙara turawa, an ja sauran rabin.

Bari mu yi lissafi na misali don ka ga nauyin aikin. A ce littafi mai shafi 320, shafi takwas a kowace fuskar falle, wato 16 a falle ɗaya. Kwafi ɗaya zai ci falle 20. Kwafi 500 falle 10,000 ke nan, rim 20 in rim yana da 500, ban da waɗanda za su lalace. Kowane falle fuska biyu, bugu 20,000, jan sanda 40,000. A ɓangaren haruffa, shafi mai layi 20 da guda 40 a kowane layi yana cin 800, falle ɗaya gaba da baya 12,800. Ƙaramar maɗaba'a ba ta da dalmar da za ta jera littafi duka ta ajiye. Falle ɗaya ko biyu ake jerawa, a buga adadin da ake so, a wanke haruffan da ruwan toka, a warware su, a jera na gaba. Wannan yana nufin tun ranar farko dole a yanke shawarar kwafi nawa za a buga, kuma in littafi ya ƙare a kasuwa, sake buga shi sabon aiki ne tun daga harafin farko. Bayan nan ga shanya a igiya, ga ninkewa, ga haɗa fallaye bi da bi, ga ɗinki da bango na fata.

Zakhir ya rasu a 1748, almajirinsa Sulaiman Kattan ya ci gaba da aikin, maɗaba'ar kuma ta zauna a hannun ruhubanawa. A ganina abubuwa uku suka raya ta inda ta Halab ta mutu. Ta Halab ta dogara ne da kyautar sarakunan nesa, har da shugaban Kosak na Yukren, Ivan Mazepa, wanda ya ɗauki nauyin bugun Linjila na 1708, kuma da kyautar ta yanke aiki ya tsaya. Ta Shuwair tana da sandunan haruffanta da mazubanta a gida, harafi ya cinye a narkar da shi a sake zubawa. Ma'aikatanta ruhubanawa ne da ba sa jiran albashi, gonar gidan ce ke ciyar da su. Sannan tana da littafi ɗaya da ba ya kwantai, wato Zabura, wadda ta fara bugawa a 1735 ta kuma yi ta maimaitawa, domin da ita yaran Kiristocin Sham suke koyon karatu. Volney ya lissafa littattafai 13 da aka buga zuwa lokacin zuwansa, ya ce Zaburar ce kaɗai ke da kasuwa ta ƙwarai. Ya kuma soki gidan da cewa littattafan ibada da na zuhudu kawai yake bugawa, ya bar ilimin da zai amfani jama'a. Sukar tana da ƙamshin gaskiya, amma ya auna su da manufar da ba tasu ba. Abin da suka sa gaba shi ne kowane coci ya sami littafin addu'a mai nassi iri ɗaya, da Larabcin da jama'a ke ji, sun kuma cim ma hakan. A tsawon rayuwarta littattafai daban daban talatin da 'yan kai ta fitar, sauran duk maimaici ne.

Game da abin da ya sa Musulmi ba su riga su ba, a yi hattara da amsar gaggawa. A Istanbul Ibrahim Mutafarrika ya sami izinin Sarki Ahmad na Uku da fatawar Shaihul Islam a 1727, ya fitar da littafinsa na farko, wani ƙamus, a 1729, shekara biyar kafin Shuwair. Izinin bai haɗa da littattafan addini ba. Musulmi suna da ɗimbin marubuta masu kwafar littafi, suna da tsarin karɓar karatu baki da baki daga malami, kuma sun ga irin ɓarnar da haruffan ƙarfe ke yi wa ɗigo da wasali. Da bugun dutse ya zo, wanda Senefelder ya ƙirƙiro a Jamus a ƙarshen shekarun 1790, inda marubuci ke rubutawa da hannunsa a ɗauki rubutun yadda yake, sai bugun Alƙur'ani da littattafan addini ya bazu a Indiya da Iran da sauran wurare a ƙarni na 19. Mu ma nan haka abin ya kasance. Almajirin da ya saba da fa mai ɗigo a ƙasa da ƙaf mai ɗigo ɗaya a sama bai sami natsuwa da haruffan gabas ba, shi ya sa Alƙur'anin Warshu da littattafan ajami da ake sayarwa a kasuwar Kurmi rubutun hannun marubutanmu ne aka ɗauki hotonsa aka buga.

Abin da ya kawo ƙarshen Shuwair gasa ce daga Bairut. Maɗaba'ar mishan ɗin Amurka ta taso daga Malta zuwa can a 1834, ta limaman Katolika na ƙungiyar Jesuit ta fara a 1848, ga kuma ta Bulak a Masar tun farkon shekarun 1820. Waɗannan suna bakin teku ko bakin kogi inda takarda ke sauka, suna da matsin ƙarfe, daga baya injuna, suna buga littattafan makaranta da ƙamus da na kimiyya da yawa kuma da araha. Gidan da ke kan dutse yana aiki da hannu ba zai iya wannan tsere ba, a 1899 ya daina. Kayan aikin suna nan a gidan, an mayar da ɗakin wurin adana tarihi, da matsi da haruffa da allunan katako na zanen ado.

In wani tsohon littafin Larabci ya shigo hannunka kana son sanin ko da haruffan ƙarfe aka buga shi ko da dutse, juya shafin ka shafa bayansa, ko ka karkata shi ga haske. Bugun ƙarfe a jiƙaƙƙiyar takarda yana barin shaidar dannawa, na dutse kuwa sumul yake. Sannan ka sa tabarau mai ƙara girma a kan doguwar kalma: in ka ga 'yan fararen tsagogi a mahaɗar haruffa, ko ka ga wani harafi mai karyayyen ɗigo yana sake bayyana bayan shafi goma sha shida ko talatin da biyu, haruffan dalma ne, an warware su an sake jera su.